Masu Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Khartum: Wa Ya Karanci Me?

Idan wani ya kamu da taɓin hankali a gida, tambayar farko da dangi kan yi ita ce ina za a kai shi. Da wuya a ji an tambayi wa zai duba shi idan an je, da irin karatun da mai dubawar ya yi. Ga Bahaushen da ke zaune a Aljirif, a bakin kogin Nilu, hanya biyu ce sananniya tun zamanin kakanni. Ko dai a nufi asibitin Tijjani Almahi da ke Umdurman, ko a bi ta Ailafun zuwa Ummu Dawwan Ban, garin malamai da almajirai, wurin shehunnai. Gidaje da yawa duka biyun suke bi, kuma ma'aikatan lafiya na Sudan sun daɗe da sanin haka.

Mutumin da aka sa wa asibitin Umdurman sunansa, Dakta Tijjani Almahi, an haife shi a garin Kawa a 1911. Ya gama makarantar koyon likitanci ta Kitchener da ke Khartum a 1935, ya yi shekaru yana aikin likita na gama-gari, sannan ya tafi Landan ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a 1949. Ana lissafa shi a sahun farko na 'yan Afirka da suka sami wannan ƙwarewa. Da ya dawo ya buɗe ɗakin duba masu wannan lalura a Bahri, a lokacin da wanda ciwonsa ya yi tsanani sau da yawa tsarewa kawai ake yi masa. Abin da ya bambanta shi da likitocin zamaninsa shi ne bai raina malaman tsibbu da masu zar ba, wato abin da ya yi kama da borinmu. Ya zauna da su, ya nazarci aikinsu, don ya gane cewa su mutane ke fara zuwa wa. Daga baya ya zama mai ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara a ofishinta na Iskandariyya. Ya rasu a 1970, aka buɗe asibitin a 1971. Dakta Taha Ba'ashar, wanda ya gaje shi, ya ci gaba da ƙulla alaƙa da shehunnai, kuma akwai asibiti mai sunansa a Bahri. A Najeriya ma a daidai wannan zamani Farfesa Adeoye Lambo yana irin wannan gwaji a Aro kusa da Abeokuta, inda tun 1954 yake saukar da marasa lafiya da danginsu a gidajen mutanen ƙauye maimakon kulle su.

To su wane ne za ku tarar a irin wannan asibiti?

Na farko shi ne likitan ƙwaƙwalwa. Cikakken likita ne kafin komai. Ya yi shekara biyar zuwa shida a jami'a, ya yi shekarar horo da ake kira imtiyaz yana zagaya sassan asibiti, ya yi rajista da majalisar likitoci, sannan ya ƙara kimanin shekara huɗu yana ƙwarewa ƙarƙashin hukumar horar da ƙwararrun likitoci ta Sudan. Amfanin wannan doguwar hanya shi ne ba kowace ruɗewa ce taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, ciwon maƙoƙo, ƙarancin sukari a jini, farfaɗiya, ko buguwa a ka, duk suna iya sa mutum sambatu ko fizge-fizge. Wanda ya san jiki gaba ɗaya shi ke iya raba wannan da wancan. Shi ne ke rubuta magani, ya daidaita yawansa, ya yanke hukuncin ko a kwantar da mutum.

Matsalar ita ce ba su da yawa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 ya nuna cewa Sudan ba ta kai ga samun likitan ƙwaƙwalwa guda ga kowane mutum miliyan ɗaya ba, kuma akasarin waɗanda ke akwai a lokacin suna Khartum. Ƙasar tana horar da su, amma Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa masu arzikin mai da Ingila da Ailan suna kwashe su. Ba na ganin laifin wanda ya tafi neman abin da zai riƙe iyalinsa, sai dai giɓin da ya bari a kan wasu yake faɗawa.

Waɗanda giɓin ke faɗa wa kuwa su ne mataimakan likita da nas-nas. Mataimakin likita yawanci ma'aikacin jinya ne da ya daɗe a bakin aiki, aka ƙara masa horo na musamman har ya iya gane cututtukan da aka fi gani, ya ba da wasu magunguna, ya kuma san lokacin da zai tura mutum gaba. A garuruwan da ke nesa da Khartum, su ne suka riƙe wannan fanni shekara da shekaru. Mutanenmu kan ce ba su ga likita ba, wai mataimaki kawai suka gani, alhali shi ne ya san wane ya daina shan magani, wane hannunsa ya fara rawa saboda ƙwayar ta yi masa ƙarfi. Nas kuwa ita ke kwana da majinyaci. Ita ta san ko ya ci abinci, ko ya yi barci, ko yana maganar kashe kansa. Likita kan ga mutum na ɗan lokaci ne, kuma da rahotonta yake aiki.

Sai masanin halayyar ɗan Adam, wanda aka fi rikita shi da likita. Bai bi ta makarantar likitanci ba, don haka ba ya rubuta magani. Ya karanci yadda tunani da ɗabi'a ke aiki, sannan ya sami horo a asibiti. Aikinsa zama da mutum da tattaunawa bisa tsari, da gwajin fahimta ga yaron da karatu ya gagara, da taimaka wa mai shaye-shaye ko wanda ya ga tashin hankali. A Sudan mata sun yi yawa ƙwarai a wannan aiki, kuma Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Umdurman tana cikin wuraren da suka fi yaye su, har ta kafa cibiya ta musamman don waɗanda suka ga bala'i. Wannan yana da amfani ga mutanenmu, domin akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba ko da likita ne. Akwai kuma jami'in walwalar jama'a, mai bin lamarin gida: wa zai karɓi majinyaci idan an sallame shi, wa zai sayi magani, ko miji ya yi saki, ko an kore shi daga aiki.

Shehi ko faki ba ma'aikacin asibiti ba ne, amma ba a iya cire shi daga lissafi. Karatunsa na allo ne da zaure, sau da yawa gadon gida. Yana ba da rubutun sha da hayaƙi da tofi, kuma zaman da ake yi a wurinsa, da salla cikin jama'a da aikin yau da kullum, yana kwantar wa wasu hankali. Inda gizo ke saƙa shi ne a wasu wurare ana sa mari, ana duka, ana hana abinci mai maiƙo, ko a ce a bar maganin asibiti. Mutanen Arewacin Najeriya ba su manta abin da 'yan sanda suka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Daura a 2019 ba. Malamin da ya san abin da yake yi ba ya hana zuwa asibiti, kuma addu'a ba ta karya ƙwaya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya wargaza yawancin wannan tsari. Asibitocin Khartum da dama sun rufe, ma'aikata suka watsu zuwa Wad Madani, da ita ma ta faɗa cikin yaƙin a Disamban 2023 sai suka ƙara gaba zuwa Fot Sudan da Masar da wasu ƙasashe. Masu shan magani kullum suka rasa shi, ciwo ya dawo wa waɗanda suka yi shekaru lafiya. A unguwanni, matasa masu aikin sa kai na ɗakunan agajin gaggawa su suka tsaya, wasu likitoci da masana halayya kuma suka koma duba mutane ta waya daga inda suka sami mafaka.

Saboda haka, wanda duk aka haɗa ku da shi a yau, a asibiti ne ko ta waya, ba rashin kunya ba ne ku tambaye shi matsayinsa da inda ya yi karatu. Idan ba likita ba ne ko mataimakin likita da aka horar, kada ku karɓi ƙwaya daga hannunsa. Ku tafi da kwalin maganin da majinyaci ke sha ko hotonsa a waya, tare da mutumin da ya ga yadda ciwon ya fara, ku kuma faɗa wa likita abin da aka ba shi a wurin malam.