Aikin gidan yaro, lissafin uba: CEDEAO, sefa da canji

A shirin wannan mako mun buɗe saƙon wani mai sauraronmu, falken shanu daga unguwar Zango a nan Wagadugu. Ya ce ɗansa ya dawo daga lakkol da aikin gida, tambayoyi biyu. Ta farko: mene ne bambancin CEDEAO da UEMOA? Ta biyu: me ya sa darajar naira ke hawa da sauka, ta sefa kuwa tana tsaye? Uban ya ce shi ma yana son amsa, don tun da aka ce mun fita CEDEAO yake jiran ranar da za a karɓe sefa, har yau shiru. Ga abin da muka tattauna, a taƙaice.

Mu fara da ta farko. CEDEAO, wadda 'yan Najeriya da Gana ke kira ECOWAS, an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, hedikwatarta tana Abuja. Aikinta ya haɗa da zirga-zirgar mutane ba biza, da sauƙaƙa shigar kaya, da sha'anin siyasa da tsaro. Ƙasashe 15 ne a cikinta kafin Burkina Faso, Mali da Nijar su sanar da fitarsu ranar 28 ga Janairu 2024. Fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Su ukun nan suna da tasu ƙungiyar, AES, wadda suka kafa ranar 16 ga Satumba 2023.

UEMOA kuwa gida ne daban. Ita ta masu kashe sefa ce, ƙasashe takwas: Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. An sa hannu kan yarjejeniyarta a Dakar a Janairun 1994, ofishin hukumarta kuma nan Wagadugu yake. Babban bankin da ke fitar da kuɗin, BCEAO, yana Dakar. Ƙasashen AES ba su fita daga wannan gidan ba, shi ya sa jikar da ke aljihunka har gobe tana ci a Lome da Abijan. Amma a kula, sefar Cadi da Kamaru ta wani banki ce. Darajarsu ɗaya, takardar daban, sai an canza.

To me fitar ta taɓa a bakin iyaka? Ranar da ta tabbata, CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, a bar mutanen ƙasashen uku su shiga ba biza, har sai an sake sanarwa. Makiyaya kuma su tuna da takardar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda CEDEAO ta fito da ita a 1998. A cikinta ake rubuta yawan garke, allurar rigakafin da aka yi, da hanyar da za a bi. Ko a lokacin da muke ciki, takardar ba ta buɗe kowace ƙofa ba, tunda Benin ta hana shigar garkunan waje a ƙarshen 2019. Saboda haka kafin ka kora, je wurin ma'aikatan dabbobi na yankinku ka ji abin da ake nema yau.

Sai tambaya ta biyu. Sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, haka yake tun 1999. Naira da sidin Gana kuwa kasuwa ce ke yanka musu farashi. In masu neman dalar Amurka sun yi yawa, dalar kuma ta yi ƙaranci, sai kuɗin ƙasa ya faɗi. A watan Yunin 2023 babban bankin Najeriya ya saki naira. Dalar da ake saye wajen naira 460 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024. Kada dai yaro ya rubuta cewa sefa ba ta taɓa motsi ba. A Janairun 1994 an rage darajarta da rabi dare ɗaya, dattawan kasuwa ba su manta ba.

Yanzu ga inda aikin yaro ya zama lissafin uba. Alƙaluman nan misali ne kawai. Ka sayi sa a Puytenga jika 400. Mota, harawa, la'adar dillali da kuɗin duwan sun ci jika 50. Jarinka ya zama jika 450. Ka kai shi Najeriya ka sayar naira miliyan ɗaya da dubu 200. In ranar ana canza jika ɗaya naira 2,400, ka samu jika 500, riba jika 50. In ka ba da bashi, ko ka riƙe nairar wata biyu har jika ta koma naira 2,700, kuɗin nan dai jika 444 zai ba ka. Sa ɗaya, ciniki ɗaya, amma ka ci uwar kuɗi da wajen jika shida. Wanda ya kai nasa Abijan bai da wannan fargabar, da sefa ya saya, da sefa ya sayar.

Shawarar da muka bayar a shirin ita ce: ka ji farashin 'yan canji kafin ka sallama, ka mayar da tayin zuwa sefa a ranka, sannan ka ce "na sallama". In bashi ya zama dole, a yanke shi da sefa gaban shaidu. In kuma naira ta shigo hannu, ko ka canza nan take, ko ka sayo kayan da za ka sayar a gida.

Malam mai saƙo, ka zaunar da yaron ya yi maka lissafin tafiyarka ta gaba a bayan littafinsa. Masu tambaya kan allurar ciwon huhun shanu, mako mai zuwa naku ne in Allah ya kai mu.