Ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne



Kwanan baya, a ajinmu na yaƙi da jahilci, wani dattijo ya ture takardarsa gefe. Ya ce: "Malam, mun zo ne mu koyi lissafi don kada a cuce mu wajen awon gyaɗa. Mi za mu yi da Gizo da Ƙoƙi? Ai ƙarya ce." Har ya ce in haka ne zai bar zuwa.

Na ce, "Baba, maƙaryaci so yake ka yarda da shi. Mai tatsuniya kuwa tun farko ya gaya maka tatsuniya ce."

Labarin da mutum ya tsara da kansa, shi ake kira ƙagaggen labari. Mutane ko dabbobin da ke ciki su ne taurari. Akwai wuri da lokaci: wane gari, damina ko rani. Yadda abubuwa ke bin juna, wanga ya jawo wancan, shi ne zubi. Salo kuwa shi ne irin bakin mai labarin.

Babban abu shi ne jigo. Masu lambu sun san jigo, icen nan da ake ɗaura wa guga a jawo ruwa. Duk nauyin yana kansa. Jigon labari shi ne maganar da labarin ke ɗauke da ita. In Gizo ya cuci Kura, daga baya wayonsa ya kama shi, jigon shi ne kwaɗayi da sakamakonsa. Ko ba Gizo a duniya, ai akwai makwaɗaita a kasuwa.

Ga misali daga ƙasarmu. A 1899 Sarauniya ta yi yaƙi da sojan Faransa a Lugu, wajen Dogondutsi. Wanga tarihi ne. A 1980 Abdulaye Mamani ya fitar da littafi a kanta da Faransanci. Yaƙin gaskiya ne, amma hirarrakin da ke ciki shi ya tsara su, don ba ya wurin.

Dattijon bai ce komi ba. Ran Laraba sai ga shi da rabin shafi, labarin wani mai awo da ke danna sikeli da ƙafa. Tauraro ya fito sarai, jigo ma haka. Sai dai ya manta bai faɗi garin ba. Na tambaye shi, ya ce da gangan ne.