Fitilar Iskar Taya: Abin Da Za A Yi In Ta Ƙi Mutuwa

An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Jabo da sauran gundumomin Tambuwal da Kebbe. Yawancin motocin da a ke hawa yanzu tsofaffi ne da a ke shigo da su daga Amurka da ƙasashen Turai, kuma da yawa cikinsu suna da wata 'yar fitila rawaya a gaban direba, mai siffar tukunya da tsaye da ɗigo a cikinta. Ita ce fitilar iskar taya. Direbobi da dama, in ta kama ta ƙi mutuwa, sai su liƙe ta da baƙin salatif. Wannan ganganci ne, gama rayukan mutane a kan tayoyin nan huɗu su ke.

Asalinta

A shekarar 2000 tayoyin Firestone da ke kan motoci ƙirar Ford Explorer suka yi ta ɓarewa a Amurka, mutane da yawa suka hallaka. Sabo da haka majalisar ƙasar ta kafa doka, har ya zama tun daga watan Satumba na 2007 ko wace ƙaramar mota sabuwa da za a sayar a can sai da wannan fitila. Tarayyar Turai ta tilasta haka ga dukan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamba 2014. Bisa ƙa'idar Amurka, fitilar tana kamawa ne in iskar taya ta ragu da rubu'in abin da aka ƙayyade. Watau motar da a ke so a sa mata 32 a awon da a ke kira PSI, fitilarta za ta kama in iska ta sauka zuwa 24.

Dalilin da ya sa abin ya ke da haɗari shi ne, taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwashewa a ko wane juyi, lanƙwasar kuwa zafi ta ke haifarwa. Da bazara, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato ya kan wuce digiri 40, in aka haɗa da kaya da gudu a kan kwaltar Sakkwato zuwa Jega, sai taya ta fashe ba shiri.

Iri biyu ne

Iri na farko, a cikin ko wace taya akwai wata 'yar na'ura manne da bawul, tana auna iska tana aika wa mota labari ta rediyo. Tana da ɗan batir da ba a buɗewa, wanda ya kan yi shekara biyar zuwa goma. Iri na biyu, wanda a ke samu a waɗansu motocin Honda da Volkswagen, babu kome a cikin taya. Motar ce ke ƙidayar juyin ko wace ƙafa, gama taya mai ƙarancin iska ta kan tsuke, ta fi 'yan'uwanta saurin juyawa.

Yadda za a bi abin daki-daki

Na ɗaya, a lura da halin fitilar in an ta da mota. In ta kama ta tsaya cik, iska ce ta ragu. In kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya sa'an nan ta tsaya, to, na'urar ce ta sami matsala.

Na biyu, a auna tayoyin duka da safe kafin a motsa, ko bayan mota ta huta awa uku. Awon da za a bi yana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da taya za ta iya ɗauka ce, kada mai faci ya bi ta. Kada kuma a yarda da awon ido ko bugun ƙafa. Ya kamata ko wane direba ya mallaki ɗan gejinsa, don gejin bakin hanya ya kan saɓa.

Na uku, a tuna da safaya. A waɗansu manyan motoci ita ma tana da na'ura, sai a cika huɗu a manta da ta biyar, fitila ta ƙi mutuwa.

Na huɗu, a yi la'akari da yanayi. Duk sanyin da ya ƙaru da kamar digiri biyar ko shida, iskar taya tana sauka da PSI ɗaya. Da hunturu tayar da aka auna 26 da tsakar rana tana iya kwana ta tashi 23, fitila ta kama da asuba, ta mutu da hantsi. Irin wannan taya da ma ba ta cika ba, sai a ƙara mata.

Na biyar, in taya ɗaya ce kullum ke sauka, a zuba mata ruwan sabulu a kan roba, da bakin bawul, da inda ta haɗu da wili. Inda kumfa ya tashi nan ne ƙusa ko tsaga ta ke.

Na shida, bayan an cika iska a yi tafiyar minti goma zuwa ashirin, gama yawancin masu iri na farko da kansu su ke kashe fitila. Masu iri na biyu kuwa sai an danna maɓallin saiti ko an bi ta allon mota, kuma haka za a yi duk ran da aka sauya taya. Amma fa kada a danna shi sai iska ta cika daidai, in ba haka ba motar za ta ɗauki ƙarancin a kan shi ne daidai.

Na bakwai, in duk an yi wannan fitila tana ta ƙyaftawa, ko dai batirin na'ura ya ƙare, ko ƙarfen mai faci ya karya ta, ko an cire ta sa'ad da aka sa tif. Sai a kai wa makanikin da ke da kwamfutar bincike, ya gano wace ƙafa ce, ya sa sabuwa ya gabatar da ita ga motar. A sani na'urar motar Amurka da ta Turai ba bisa zango ɗaya su ke magana ba, sabo da haka a sayi wadda ta dace. Kafin a gyara, fitilar ba ta iya yin gargaɗi, sai a dogara ga geji.

Abin da a ke roƙo

Ana roƙon malaman hakimai su buɗe shafi a littafin mota, ko wane mako su rubuta kwanan wata da awon tayoyi biyar. Su duba kuma lambobi huɗu da ke gefen taya: 2319 ma'anarta mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan taya da ta wuce shekara huɗu. Hakimai kuma, ranku ya daɗe, a taimaka a isar da wannan bayani ga shugabannin tasha da masu faci ran kasuwa. Allah ya kiyaye hanya.