Batir Shi Ne Ran Babur Mai Lantarki

Kowa ya san Wagadugu garin babura ne. Yanzu kuma ga masu aiki da lantarki sun shigo, ba hayaƙi, ba layin gidan mai. Tambayar da muke ji a Zongo ɗaya ce: shekara nawa batirin zai yi?

To, jama'a, amsar tana ga irin batirin. Na dalma, wanda muka saba da shi, yakan gaji bayan caji 300 zuwa 500. Na litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, ya fi shi juriya, ga rashin nauyi. Masana uku da suka ƙago shi sun sami kyautar Nobel a 2019. Akwai kuma samfurinsa mai haɗin ƙarfe da fosfat, ana ce masa LFP, wanda yakan ɗauki caji fiye da 2,000. Shi ya sa kamfanonin mota da dama ke ba da garantin shekara 8 a kan batir.

Sai dai mu nan muna da abokin gaba, wato zafi. A watan Afrilu ma'auni yakan haura 40, zafi kuwa yana rage kwanan batir. Saboda haka a ajiye babur a inuwa, a bari ya huce kafin a sa masa caji, kada kuma a hau shi har wutar ta ƙare ƙaf.

Batir yana cikin abin da ya fi tsada a jikin babur. Kafin magidanci ya miƙa kuɗin guminsa, ya tambayi mai shago: dalma ce ko litiyom? Ina takardar garanti? Araha dai ba ta ado. Allah ya sa mu dace.