Haɗewar Kamfanonin Watsa Shirye-shirye ta Tauraron Ɗan'adam: Abin da Ya Shafi 'Yan Kasuwar Azare da Katagum

AZARE, Jihar Bauchi. A watan Satumba na shekarar 2025 ne kamfanin Canal+ na ƙasar Faransa ya karɓe ragamar kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv da GOtv, bayan da kotun kula da gasar kasuwanci ta Afirka ta Kudu ta amince da cinikin a watan Yuli. An sayi kowane hannun jari a kan Rand 125, kuma haɗaɗɗen kamfanin yana da masu biyan kuɗi fiye da miliyan 40 a ƙasashe kusan 70.

Ko da yake an ƙulla cinikin ne a nesa, tasirinsa yana iya isowa har Azare, hedkwatar masarautar Katagum, da garuruwa irin su Gadau da Gamawa da Giade da shi kansa garin Katagum, inda masu gidajen kallon ƙwallo da masu otal da masu sayar da dikoda da masu ɗaura faranti suke cin abinci ta hanyar tashoshin talabijin da na rediyo da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam. Abin da ya fi damun waɗannan 'yan kasuwa, da ma mai sauraro a gidansa, shi ne ko tashar da suka biya kuɗi dominta za ta ci gaba da zuwa.

Dalilin haɗewa

Wannan sana'a tana da wata siffa da ta bambanta ta da cinikin hatsi ko na atamfa. Kusan dukan kuɗin da kamfani yake kashewa, wato na harba tauraro ko hayarsa da na sayen izinin nuna wasanni da waƙoƙi, yana nan daram ko masu sauraro dubu ne ko miliyan. Ƙarin mutum ɗaya ba ya ƙara wa kamfani wata ɗawainiya ta a zo a gani. Saboda haka kamfanoni biyu da suke raba kasuwa ɗaya suna biyan kuɗi iri ɗaya sau biyu, kuma suna tsauwala wa juna farashi a wajen sayen shirye-shirye.

Idan suka haɗe, ribar farko tana fitowa ne daga rage kashe kuɗi: a rufe ɗaya daga cikin tashoshi biyu masu kama da juna, a sallami ma'aikatanta, a kuma koma wajen masu shirye-shirye a nemi ragi. Ke nan tsimin da ake yi wa masu hannun jari alkawari, daga jerin tashoshin mai sauraro ake yanko wani ɓangare nasa.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara a kan wannan. A 1952 wani masani, Peter Steiner, ya nuna cewa kamfani ɗaya da ya mallaki dukan tashoshi yana iya kawo shirye-shirye iri daban-daban fiye da kamfanoni masu gasa, domin ba zai so tashoshinsa su yi ta ƙwace wa juna masu sauraro ba. Amma wannan hujja tana da iyaka. Tashar da masu sauraronta ba su da yawa, ko ba su da ƙarfin aljihu, ita ce takan fara shiga haɗari, kuma idan aka rufe ta babu wani kamfani na biyu da za a koma gare shi.

Abin da ya faru a Amurka

Misali mafi bayyana shi ne na kamfanonin rediyon tauraron ɗan'adam guda biyu na Amurka, Sirius da XM. A 1997 hukumar sadarwa ta ƙasar ta ba su lasisi da sharaɗin cewa ɗaya ba zai mallaki lasisin ɗaya ba. Gasa ta yi zafi har Sirius ya ƙulla yarjejeniyar Dala miliyan 500 ta shekara 5 da mai gabatar da shiri guda, Howard Stern, kuma dukansu biyu suka yi ta tafka hasara. A Fabrairun 2007 suka bayyana niyyar haɗewa. Hukumar ta amince a Yulin 2008 da ƙuri'a 3 a kan 2, lokacin da suke da masu biyan kuɗi kimanin miliyan 18 da rabi.

An gindaya musu sharuɗɗa, ciki har da daskarar da farashi a kan Dala 12.95 a wata har shekara 3, da ware kashi 8 cikin 100 na tashoshi don shirye-shiryen ilimi da na tsiraru. Duk da haka, a ranar 12 ga Nuwamba 2008 aka haɗe jerin tashoshin waƙoƙi na kamfanonin biyu, masu sauraro da dama suka wayi gari tashoshin da suka saba da su sun ɓace ko an sauya musu suna da masu gabatarwa. Ƙorafi ya yi yawa, har aka maido da wasu ƙalilan daga baya. A 2009 kamfanin ya ƙara wani kuɗi na daban da sunan haƙƙin mawaƙa, sa'annan a Janairun 2012 farashin ya tashi zuwa Dala 14.49. Sharuɗɗan sun tsare farashin asali na ɗan lokaci, amma ba su tsare wa kowa tashar da yake so ba.

Darasin da aka riga aka gani a nan gida

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Afirka ma ta taɓa samun rediyon tauraron ɗan'adam. Kamfanin WorldSpace, wanda Noah Samara ɗan asalin ƙasar Habasha ya kafa, ya harba tauraron AfriStar a Oktoban 1998, aka kuma sayar da akwatunan rediyo na musamman masu kama shirye-shiryensa. A Oktoban 2008 kamfanin ya bayyana karayar arziki, aka bar waɗanda suka sayi akwatunan da kayan da darajarsu ta zube.

Haka nan kamfanin HiTV na Nijeriya, wanda ya samu izinin nuna gasar Firimiya ta Ingila a 2007, ya sa masu gidajen kallo da yawa suka sayi dikodarsa. A 2010 izinin ya koma hannun SuperSport, kuma a 2011 kamfanin ya durƙushe. Waɗannan biyu ba haɗewa ba ce ta kashe su, amma sun nuna abu ɗaya: dikoda da faranti mallakar ɗan kasuwa ne, shirin da ke cikinsu kuwa aro ne, kuma mai aro ba ya hana a karɓe.

Alamun farko sun bayyana a ƙarshen 2025. MultiChoice ya sanar da cewa tashoshi 12 na kamfanin Warner Bros. Discovery, ciki har da CNN da Cartoon Network, suna iya ɗaukewa daga farkon 2026, sai a ranar ƙarshe ta shekara aka cimma yarjejeniya. A daidai lokacin kuma tashoshin BET Africa da MTV Base suka rufe, bisa shawarar kamfanin Paramount mai su, wanda shi ma ya haɗe da Skydance a Agustan 2025.

Matsayin doka da halin kasuwa

A Nijeriya, Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba da lasisi, yayin da Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye take duba haɗewar kamfanoni. Sai dai ikonsu a kan farashi taƙaitacce ne. A Maris 2025 MultiChoice ya ɗaga kuɗin tsarin Premium daga Naira 37,000 zuwa Naira 44,500 a wata, kuma a watan Mayu Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta bayyana cewa hukumar kare masu saye ba ta da hurumin ƙayyade farashi ba tare da umarnin Shugaban Ƙasa ba.

Tushen matsalar shi ne kamfanin yana sayen shirye-shirye da yawa da Dala, yana karɓar kuɗi da Naira, wadda darajarta ta faɗi ƙwarai tun daga Yunin 2023. Tsakanin Maris 2023 da Maris 2025 ya yi hasarar masu biyan kuɗi kimanin miliyan 1.4 a Nijeriya. Kamfanin da ke cikin wannan hali dole ya auna kowace tasha da abin da take kawowa. Wannan ma'auni ya shafi tashoshin Hausa, irin su Africa Magic Hausa da aka buɗe a 2010 da Arewa24 da ta fara a 2014, domin ɗorewarsu a kowane jeri tana rataye ne a kan yawan masu kallonsu da kuɗin tallar da suke jawowa.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi

Mai gidan kallo a Azare ya kamata ya san cewa jarinsa yana rataye a kan izinin nuna gasa, wanda ake sabuntawa bayan 'yan shekaru, don haka ya riƙa bin labarin wanda ya samu izinin kafin ya biya kuɗin watanni masu yawa a dunƙule. Mai sayar da dikoda kada ya zuba jarinsa duka a kayan kamfani ɗaya, tun da akwai StarTimes da kuma tashoshin kyauta da ake kamawa da faranti. Mai talla kuma ya tuna cewa manomi da mai shago a ƙasar Katagum har yanzu suna tare da rediyon FM, irin tashar Gidan Rediyon Bauchi da ke Azare, wadda ba ta bukatar kuɗin wata.

Ga wanda aka ɗauke masa tasha bayan ya biya, hanyar da doka ta tanada ita ce ya adana rasidinsa, ya kai ƙorafi ga kamfanin a rubuce, in bai gamsu ba ya wuce hukumar kare masu saye. Ƙorafin da ƙungiyar masu gidajen kallo ta sa wa hannu ya fi na mutum ɗaya nauyi, domin abin da kamfani yake ƙidayawa shi ne yawan masu biyan kuɗin da zai iya rasawa.