Shekarar da na ɗora wa dumsor laifin da yake nawa ne

A daren jajiberin ƙaramar Sallah ta 2015, mutum bakwai ne suka tsaya a ƙofar shagona da ke Aboabo, nan Kumasi, kowa na jiran ɗinkinsa. Huɗu daga cikinsu ko almakashi ban sa wa yadinsu ba. A cikinsu akwai wata tsohuwa da ta kawo mini shadda tun farkon azumi, za a yi wa jikokinta biyu marayu riga da wando. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗana, ba ni yadin kawai, Allah ya kai mu ta baɗi." Ta naɗe shi cikin mayafi ta wuce. Wallahi har yau in na tuna, sai in ji gara a ce zagina ta yi.

Uzurina a shirye yake. Duk wanda ke Ghana a shekarar ya san dumsor, lokacin da har aka kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Duk wanda ya zo sai in nuna masa kwan lantarki in ce, "Ka gani da idonka." Sauran fushin kuma na sauke shi a kan ƙaramin yaron shagona, wanda ya ɓata wuyan wata riga. Na ce ya kwashe kayansa, kada in ƙara ganinsa.

Kwana uku bayan Sallah na je Alabar gaida maigidana, tsohon da na yi shekara uku ina koyon ɗinki a hannunsa. Na zauna na zazzage masa labari: wuta, yara marasa hankali, masu kaya marasa haƙuri. Ya bari har na gama, sannan ya ce, "To, keke nawa ne a shagon naka?"

Na ce, "Huɗu, Baba."

"Nawa ne ke cin wuta?"

"Ɗaya, na surfani. Sauran ukun na ƙafa ne."

"Almakashin fa, shi ma sai da wuta?"

Na yi shiru. Ya ce, "Je ka ɗauko littafin awonka, ka ƙirga abin da ka karɓa da abin da hannunka ke iya yi. In ka gama ka dawo mu zagi dumsor tare."

Daren nan na buɗe littafin. Ɗinki 110 na karɓa a azumin. Ni da yara biyu, in mun dage, uku muke gamawa a rana, ka ga a kwana 27 na aiki ba za mu wuce 80 da 'yan kai ba, ko da wuta ba ta ƙifta ba. Ke nan kusan mutum 30 na yi wa ƙarya tun ranar da na karɓi kuɗin kafin alƙalaminsu. Na kuma tuna dararen da na idar da tarawi na zarce majalisar shan ataya ana gardamar ƙwallo har ɗayan dare, washegari in buɗe shago da hantsi. Rigar da yaron ya ɓata kuwa, ni na rubuta awon wuyan ba daidai ba, ga rubutuna nan a shafin. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ba sabon darasi ba ne. Duk wanda ya yi makarantar allo a zango ya san ba a wanke allo sai an biya wa malam karatun ya tabbatar ya zauna. In ka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wurin za ka koma ka yi ta maimaitawa. Mun taso da wannan tarbiyya, amma da muka girma muka shiga kasuwa sai muka riƙa wanke allon kowace rana ba tare da mun biya ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi shekara 20 a sana'a, alhali kuskuren shekarar farko yake ta maimaitawa.

Malamai na kiran wannan muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Akwai malamin Bagadaza da ya rasu a shekarar 857, Harisu al-Muhasibi, wanda wannan ɗabi'ar ce ta ba shi laƙabinsa. Imamu Gazali, da ya rasu a 1111, ya ware mata babi guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, kuma misalin da ya kawo na 'yan kasuwa ne: ana gindaya wa abokin ciniki sharaɗi tun farko, a sa masa ido ana cikin aiki, a zauna a yi lissafin riba da asara a ƙarshe. Wannan misalin ya shige ni sosai, domin yaren da muke ji ne. Mai sayar da koko da ƙosai ba ta kwanciya sai ta ƙirga cinikinta. Direban trotro da yaron motarsa ba sa rabuwa da yamma sai sun ware na mai da na mai mota. Kuɗi muna ƙirga su kullum. Lokaci, alkawari da maganar da muka faɗa wa mutane su ne ba mu ƙirgawa.

Tun daga lokacin na ware shafukan bayan littafin awo. Kafin in rufe shago ina rubuta abu uku: me na yi alkawari yau, me na cika, kuma cikin abin da ya lalace wane kaso ne nawa. Minti biyar ya isa. Daren Alhamis in duba na mako gaba ɗaya. A nan na gano cewa yawancin kurakuran awo ina yin su ne in ina waya, sai na daina ɗaga waya in tef na hannuna. A nan kuma na gano sau nawa nake shiga gida da fushin shago in sauke wa maiɗakina.

Amma fa a yi hattara, abin na da gefe biyu. Wani in ya fara duba kansa sai ya koma zargin kai dare da rana, har ya kasa komai. Wannan waswasi ne. Ɗan kasuwar da ya ga asara gyara yake nema, ba ya kwana yana kuka a kan littafi. Kuma duba kai ba ya nufin a ce babu matsala a waje. Dumsor ta kashe wa mutane da yawa sana'a da gaske, masu walda da masu sayar da kifin sanyi sun shaida. Rashin aikin yi da ya dami matasan zangunanmu, daga Nima har Asawase, shi ma gaskiya ne, kuma dole mu ci gaba da magana a kai. Abin da nake cewa kawai, ka ware naka kason tukuna, domin shi ne wanda za ka iya gyarawa gobe da safe ba sai ka jira kowa ba.

Na je har gida na ba yaron nan haƙuri a gaban mahaifinsa. Bai yi mini sauƙi ba, babba ya durƙusa wa yaronsa, amma ya dawo, ya gama koyonsa, yau yana da shagonsa. Tsohuwar ma na neme ta kafin babbar Sallah, na roƙi in ɗinka wa yaran kyauta. Ta ce ta yafe, amma ta riga ta kai wa wani tela. Ba ta ƙara kawo mini ɗinki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu in azumi ya kama, ina ja layi a littafi a kan lamba 80. In an kai nan, ko aminina ne ya zo da yadi sai in ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, na cika." Wasu kan yi fushi su ce na fara girman kai. Ba komai. Fushin farkon azumi ya fi mini sauƙi a kan na daren Sallah.