Jinkirin Tuba a Tarihin Kiristanci

Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin wani gwamnan Romawa mai suna Filikus, wanda ya mulki Yahudiya a lokacin da Manzo Bulus yake tsare a Kaisariya, wajen shekara ta 57 zuwa 59 miladiyya. Wata rana ya sa aka kawo masa Bulus don ya ji batun bangaskiyar nan da ta sa aka ɗaure shi. Matarsa Durusila tana zaune a gefensa. Marubucin tarihi Yosifus ya nuna cewa Filikus ya raba matar nan ne da mijinta na fari, sarkin Emesa. Bulus bai yi kwana-kwana ba, ya yi magana a kan adalci da kamun kai da shari'ar da ke zuwa. Jikin gwamna ya yi sanyi, sai ya sallame shi, ya ce in ya samu sarari zai neme shi. Ya kuwa riƙa nemansa, amma da fatan za a miƙo masa na goro. Haka aka ci shekara 2, aka sauya shi da Festas, ya tafi ya bar Bulus a kurkuku.

Masu wa'azi sun daɗe suna komawa ga labarin nan, domin Filikus bai ƙaryata maganar ba, bai kuma zagi mai faɗinta ba. Ya ji, ya tsorata, ya ɗaga. A koyarwar Kirista irin wannan ɗagawa ta fi ƙin yarda ɓoye haɗarinta, tunda mai yinta yana ganin har yanzu yana kan hanya.

Dalilin ɗagawar ba ɓoyayye ba ne: tuba tana da tsada. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, nan take ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Bitrus da Andarawas sun bar tarunsu a bakin Tekun Galili don su bi Yesu. Filikus ya san abin da zai saki in ya amsa, kuma ɗaya daga ciki na zaune kusa da shi.

A ƙarni na 4 jinkirin ya zama al'ada. Mutane sun ɗauka baftisma tana wanke zunubin baya gaba ɗaya, kuma ba a maimaita ta, don haka wasu suka ga dabara ce su bari sai sun gama sha'aninsu na duniya. Sarki Kustantin, wanda ya ba Kiristoci 'yancin ibada a daular Rum a 313, bai karɓi baftisma ba sai yana gab da mutuwa a 337. Agustin, haifaffen Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau, ya kwanta ciwo yana yaro har ya roƙi a yi masa baftisma. Mahaifiyarsa Monika ta fara shiri, amma da ya warke aka fasa, wai gara ƙuruciya ta wuce tukuna. Shi kansa daga baya bai ga hikimar hakan ba. Sai a 386, a Milan, ya ajiye aikinsa na koyar da fasahar magana, Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Ista ta 387, yana da shekara 32. Manyan malamai irin su Basil na Kafadokiya sun yi wa'azi mai zafi a kan wannan lissafi, hujjarsu kuwa mai sauƙi ce: ba wanda mutuwa ta yi wa alkawarin sallama.

Sai dai gaggawa ba garaje ba ce. Yesu da kansa ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya lissafa kuɗin aikin kafin ya sa harsashi. Ikilisiyar farko takan koyar da sabon tuba har shekara 3 kafin a kai shi ga ruwa, kuma ajin baftisma da ake yi a majami'unmu yau gadon wancan tsari ne. Abin da ake so cikin hanzari shi ne juyowa da barin mugun aiki. Koyon almajiranci kuwa na tsawon rai ne.

Ga wani misali na haɗarin jinkiri: a daren 8 ga Oktoba 1871, mai wa'azi Dwight Moody ya yi wa babban taro magana a Shikago ta ƙasar Amurka a kan abin da mutum zai yi da Almasihu. Ya ce su je gida su yi tunani na mako guda, su dawo da amsa ranar Lahadi mai zuwa. Ba a gama waƙar rufe taro ba ƙararrawar gobara ta fara kaɗawa. Wutar ta cinye babban sashe na birnin, har da zauren da suka taru, mutum kusan 300 suka mutu, kuma taron bai sake haɗuwa ba. Moody ya riƙa ambaton daren nan da nadama shekaru da yawa bayan haka, kuma daga ranar ya daina ba masu sauraronsa mako guda.